Ilmin Ɗuri: Tarihin Bindigar Maharba a Ƙasar Kutawa

Wanda ya tashi daga Dutsin-Ma ya nufi ƙauyukan da ke kewaye da ita, wato su Kutawa da Maƙera da Shema da Ƙarofi, ko kuwa ya karkata zuwa ƙasar Kurfi ta wajen Birchi da Wurma, idan ya shiga zauren wani dattijo ya ɗaga kai, ba mamaki ya ga wata doguwar bindiga rataye a jikin bango, ƙotarta ta yi baƙi saboda shafar hannu, an ɗaɗɗaure bututunta da fata, ga layu biyu ko uku suna reto a jikinta. Wasu suna ce mata bindigar toka, wasu baushe, masu ba'a kuma su ce harba-ka-ruga, domin da zarar ta yi magana sau ɗaya, to, sai mai ita ya nemi wurin fakewa kafin ya sake ɗura ta. Ƙasar nan kuwa tun asali ƙasar maharba ce, har ma ruwayar da aka gada daga bakin magabata ta nuna cewa sunan Dutsin-Ma ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da ke tsakiyar garin tun wurin yana daji. Abin da nake so in tsaya a kansa cikin wannan maƙala shi ne wani ɓangare na sana'ar maharba wanda marubuta ba su cika kulawa da shi ba, alhali kuwa shi ne ginshiƙinta, wato ilmin ɗuri: yadda ake zuba albarushi, a dasa harsashi, a matse su daidai gwargwado.

Kalmomin sana'ar su kansu sun isa su ba da shaidar hanyar da ta biyo. Bindiga daga Larabci take, haka albarushi, haka kuma harsashi, wanda asalinsa sunan dalma ne a harshen Larabawa, kuma wannan yana nuna cewa Bahaushe ya fara jin labarin makamin nan ne daga arewa da gabas, ta hanyar fataken Sahara da mutanen Barno, tun kafin ya gan shi ya ɓullo daga bakin teku. A rabin ƙarshe na ƙarni na 16, Mai Idris Alauma na Barno ya samu masu harbin bindiga daga cikin Turkawa, suka koya wa bayinsa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta a cikin tarihin yaƙe-yaƙensa. Littafin Tarihin Kano kuma ya ambaci cewa an shigo da bindigogi daga wajen Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, sa'an nan Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ya fara kafa rukunin 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ke nan, farkon ma'anar kalmar 'yan bindiga a ƙasar Hausa ita ce dogarawan fada masu amana, waɗanda sarki yake bai wa bayansa.

Amma duk da haka bindiga ta daɗe tana baƙuwa a fagen fama. Yaƙe-yaƙen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har da wanda ya kai Malam Ummarun Dallaje ga sarautar Katsina, da kwari da baka da mashi da takobi aka yi mafi yawansu. Baturen nan Clapperton, wanda mutanen Sakkwato suka sani da suna Abdullahi, ya halarci wani kewaye da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa birnin Gobirawa a 1826, ya kuma lura cewa a cikin wannan runduna mai dubban mayaƙa, bindigogin da ke akwai ba su kai hamsin ba. Dalilin kuwa a fili yake: maharbin kibiya zai saki kibau da dama kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya, ga shi albarushi yana da tsada, ga damina tana lalata shi. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne al'amarin ya sake, musamman a Damagaram, inda Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, har ya sa maƙeransa suka ƙera masa igwa. A wannan zamanin ne kuma ƙauyukan tsakiyar Katsina suke kwana da fargabar harin Maraɗawa, waɗanda sukan ratso ta dajin yamma su faɗa wa garuruwa, don haka kowane gari mai hankali yakan girmama maharbansa, domin su ne suka san daji, su ne kuma idon gari.

Mafi yawan bindigogin da suka shigo daga kudu irin waɗanda ake ɗurawa ta baki ne, masu kamawa da ƙanƙara. Turawa suna danganta su da mutanen Denmak saboda cinikin da suka yi a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake da yawansu a Bamingam ta Ingila aka ƙera su, kuma da gangan aka yi su da araha don kasuwar Afirka. Da manyan ƙasashen Turai suka taru a birnin Burasel a 1890, sai suka ƙulla yarjejeniyar hana shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar ƙofar tsofaffin a buɗe. Sakamakon wannan hukunci ya bayyana a 1903, lokacin da mayaƙan Kano da na Sakkwato suka fuskanci bindigar Maxim mai aman wuta ba ƙaƙƙautawa. A Katsina ba a yi yaƙi ba, Sarki Abubakar ya karɓi Gwamna Lugga a cikin watan Maris na shekarar. Tun daga nan bindigar toka ta bar fagen yaƙi, ta rage a wurare biyu: hannun maharba a daji, da hannun 'yan bindigar sarki a ranar hawan Salla da daren ganin wata. Maƙeran karkara kuwa, waɗanda da ma su ke gyaran kunama da ɗaurin ƙota, suka gaji sauran aikin, suna sassaƙa ƙota da icen baushe, abin da ya sa sunan icen ya bi bindigar.

To, a nan ne ilmin ɗuri ya zama wajibi. Sojan da aka ba bindigar Bature, an riga an auna masa kome a masana'anta, nasa kawai ya saka ya harba. Shi kuwa maharbi, kowane harbi da zai yi, shi ne mai awo, shi ne mai haɗawa, shi ne kuma wanda fuskarsa take kusa da wutar idan awon ya kuskure. Na taɓa zama ina yaro kusa da wani dattijon maharbi a ƙasar Kutawa, wata safiya ta hunturu bayan an gama kaka, na ga yadda yake yi, kuma har yau ban manta ba. Ya shimfiɗa buzu, ya jingina gindin bindigar a ƙasa, ya kawar da bakinta daga fuskarsa da tawa. Ya fara zura sandar ƙarfen nan da ke maƙale a ƙarƙashin bututu don ya tabbata babu tsohon ɗuri a ciki. Sa'an nan ya ɗauko wani ɗan guntun ƙaho wanda ya gada daga mahaifinsa, shi ne ma'auninsa, ya cika shi da albarushi, ya share bakinsa da yatsa har ya daidaita, ya juye. Ya yago tsumma, ya murza shi a tafin hannu, ya duba, ya rage kaɗan, ya cusa, ya bi shi da sandar a hankali har ya zauna. Bayan haka ya zuba dalma, ya sake bin ta da wani tsumman. Da ya gama, sai ya bar sandar a ciki, ya jera yatsunsa a jikin abin da ya rage a waje, yana ƙidaya tsawon ɗurin.

Na ce masa, "Baba, me ya sa ba ka danna da ƙarfi ba, ai sai ta fi ƙara?"

Ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙara ta 'yan hawan Salla ce. Mu nama muke nema. Saurara ka ji." Ya ɗaga sandar kaɗan ya sake ta, ta faɗa da wani amo mai kauri. Ya ce, "In ka ji ta yi wannan muryar, ɗuri ya zauna. In ta yi muryar fanko, akwai iska a tsakani, kuma iskar nan ita ke fasa bindiga ta tafi da yatsun mutum. In kuwa toshin ya yi sako-sako, wuta sai ta bi gefe ta tsere, dalma ta fita ba ƙarfi, ka jikkata dabbar Allah a banza."

Na daɗe kafin in fahimci cewa a cikin wannan gajeren jawabi dattijon ya tattara mas'alar gaba ɗaya. Albarushi yana bukatar abin da zai tare shi na ɗan lokaci, gwargwadon ƙiftawar ido ko ƙasa da haka, domin ya kama sosai ya tara ƙarfinsa kafin harsashi ya motsa. Idan riƙon ya gaza, ƙarfin ya watse. Idan ya wuce haddi, bututu ya ɗauki abin da ba zai iya ba. Abin da ya fi waɗannan biyu wuyar samu kuwa shi ne a maimaita awo ɗaya da matsi ɗaya a kowane ɗuri, domin maharbin da ɗurinsa na yau ya saɓa da na jiya ba zai taɓa sanin inda bindigarsa take jefa dalma ba, kome kyawun saitinsa. Ga shi kuma yanayi ba ya barin abu a hali ɗaya: a hunturu albarushi yana bushe yana da saurin kamawa, da damina yakan sha raɓa ya yi nauyin tashi, kuma bayan harbi biyu ko uku toka takan taru a cikin bututu har toshin da ya shiga da sauƙi da safe ya ƙi shiga da hantsi. Duk wannan babu littafin da ya rubuta wa maharbi shi. A hannu yake, da kunne, ɗa yana karɓa daga uba kamar yadda almajiri yake karɓar karatu daga bakin malaminsa.

Kada mai karatu ya zaci wannan damuwa ta maharban karkara ce kaɗai, domin ita ce ta sha kan masana'antun Turai shekaru aru-aru. Harsashin da ya matse a bututu yana tafiya daidai amma yana da wuyar ɗurawa, wanda ya yi sako-sako kuma yana da sauƙin ɗurawa amma ba ya zuwa inda aka aike shi. Maharban Amurka na dā sukan naɗe dalmarsu da ƙyalle mai maiƙo don ta kama jikin bututu, dabarar da ba ta da nisa da tsumman dattijon Kutawa. A wajen 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda yake shiga da sauƙi, amma da wuta ta tashi sai gindin ya buɗe ya kama bututun. Daga baya aka haɗa kome cikin kwanson tagulla guda, da albarushi da abin kunnawa da harsashi, sa'an nan a 1884 Paul Vieille, shi ma Bafaranshe, ya samar da albarushi marar hayaƙi. Da wannan, aikin da toshi yake yi a bindigar toka ya koma kan wuyan kwanso, wato ɗan siririn bakin tagullar da yake riƙe da harsashi.

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson da ya riga ya harba, irin su Amurka, akwai jama'a masu yawa da suka mai da wannan abin sha'awarsu, kuma babu abin da suke tattaunawa a kai kamar riƙon wuyan kwanso. Sukan sa wuyan ya fi harsashi ƙunci da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na inci, abin da bai wuce kaurin silin gashi ba, kuma sun gano cewa idan riƙon ya bambanta daga kwanso zuwa kwanso, gudun harsasai ma yakan bambanta, har a nesa wani ya faɗi sama wani ƙasa. Sun kuma gano cewa tagulla takan taurare idan aka yi ta buɗa ta ana matsewa, har wuyan ya daina riƙo yadda ya kamata ko ya tsage, sai an gasa shi ya sake laushi. Wannan kuwa babu maƙerin Hausa da zai ji shi ya yi mamaki, domin duk wanda ya taɓa bugun tagulla ya san takan yi gardama a ƙarƙashin guduma har sai an mai da ita wuta. A Afirka ta Yamma ma an taɓa yin wannan sana'a da gaske, domin maƙeran Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana fafatawa da Faransawa kafin su kama shi a 1898, sun riƙa gyaran bindigogin zamani suna sake ɗura kwansunan da mayaƙansa suka tsinto daga fagen fama. A Nijeriya dai Dokar Makamai ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a aji na dabam, ta kuma hana ƙera makami ko harsashi ba da izinin hukuma ba, saboda haka ɗurin kwanso bai zama sana'ar jama'a a nan ba. Abin lura kawai shi ne, mai na'urar awo a Amurka da mai guntun ƙaho a Kutawa gaskiya ɗaya suke bi.

Sai dai a wurin maharbi Musulmi, mas'alar ba ta tsaya ga gwaninta ba, ta shiga babin halal da haram. Malaman farko ba su yi magana a kan farauta da harsashin dalma ba, domin bai bayyana a zamaninsu ba, kuma abin da suka sani shi ne dabbar da aka kashe da nauyin abu, kamar dunƙulen yumɓu, ba a cin ta. Da bindiga ta yaɗu, malaman Malikiyya na baya suka yi saɓani, har jama'a daga malaman Fas, cikinsu da Shehu Abdulƙadir al-Fasi, suka ba da fatawar halasci, bisa hujjar cewa harsashi yana hudawa yana zubar da jini da gaggawa, kamar yadda Dasuƙi ya kawo a cikin hashiyarsa. Sharuɗɗan kuwa sanannu ne ga duk wanda ya karanta Risala a zaure: a yi niyya, a ambaci sunan Allah lokacin sakin harbi, idan an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta, idan kuwa ta ɓace wa maharbi har ta kwana, to, a bar ta. Dubi yadda wannan ya koma kan ɗuri. Harbi mai rauni shi ke sa barewa ko gada ta gudu da rauni a jiki, ta je ta mutu cikin sarƙaƙiya, ta zama mushe, a yi asarar rai a yi asarar nama. Mutane suna cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma ban taɓa jin maharbin ƙwarai ya yarda da wannan karin magana a kan dabba ba. A wurinsu gara a kuskure ɗungum da a jikkata.

Don haka ne maharbi mai harbi ɗaya ya zama mutum mai haƙuri dole. Yakan ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da aka sassaƙa, ya lulluɓe jikinsa, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon kiwon tsuntsu, wani lokaci tun daga hantsi har rana ta take, don kawai ya kusanci dabba gwargwadon inda ya san ɗurinsa yana kaiwa. Yana kuma ƙarƙashin Sarkin Baka, shugaban maharba, wanda yake da ikon tsawata masa, da al'adun da suka hana shi ɗaga bakin bindiga wajen mutum ko shiga gari da ita a ɗane. Tsakanin fushin mutum da harbinsa akwai awo, da murza tsumma, da dannawa, da ƙidayar yatsu, kuma a cikin wannan tazara zuciya takan sami damar sanyaya. Magabata sun ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, ita kuwa bindigar toka, bisa ga yadda aka ƙera ta, ba ta yarda da gaggawa.

Yau al'amari ya juya a ƙasar nan juyin da yake sa hawaye. Namun dajin da suka sa Ma ya zauna a kan dutsensa sun ƙare ko sun yi nisa, gonaki sun cinye kurmi, dajin Rugu kuma, wanda dā maharba suke shiga neman gwanki, ya zama maɓoyar masu satar shanu da mutane. Kalmar 'yan bindiga, wadda tun zamanin Babba Zaki take nufin amintattun sarki masu tafiya gabansa ranar Salla, yanzu idan aka furta ta a Kurfi ko Dutsin-Ma ko Safana, uwa takan jawo ɗanta jikinta. Makamin da ke hannun 'yan bindigar yau yana zubar da harsashi talatin kafin dattijon Kutawa ya gama murza tsummansa, kuma mai riƙe da shi bai auna kome ba, bai koya daga kowa ba, bai kuma ambaci sunan Allah ba. Da yawa daga cikin 'ya'yan maharba sun sauko da tsofaffin bindigogin iyayensu daga bango don tsaron ƙauyukansu, har Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, kuma Allah ne kaɗai zai saka wa waɗanda suka rasa rayukansu a wannan hanya.

Ba ina kira ne a koma ga bindigar toka ba, domin zamaninta ya wuce kamar yadda na kwari da baka ya wuce. Abin da nake roƙo shi ne ɗalibanmu na tarihi, musamman na Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a tsakiyar wannan ƙasa ta maharba, su je su durƙusa gaban sauran dattawan da suka rage, su rubuta kalmominsu da ladubbansu da hukunce-hukuncen Sarkin Baka tun ba a rufe su da ƙasa ba, domin al'ummar da take ba matasanta makami don kare kai tana bukatar ta ba su tarbiyyar da dā take tafiya tare da makami. Dattijon nan da na ba da labarinsa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na tuna a ranar, da ya gama ɗurin, bai fita nan take ba, sai da ya mai da ɗan ƙahonsa cikin jaka, ya share hannunsa, ya yi addu'a. Da yamma ya dawo da zabin daji biyu, ya aika wa maƙwabcinsa da ɗaya, sa'an nan ya zauna a bakin zaure ya wanke bututun bindigarsa da ruwan zafi, ya shafe ta da mai, ya tabbata babu kome a cikinta, kafin ya rataye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.